Takardar da Na Tokare Benci da Ita

A majalisarmu ta teburin mai shayi, a Tudun Wada kan hanyar da ta nufi Kongo, Rediyo ake kirana. Tun ina yaro kunnena na manne da BBC da Muryar Amurka da Jamus, da waya ta zo kuma na koma kanta. In gardama ta kaure a kan wa ya ci kofi a wace shekara, ko wane minista aka tuɓe, sai ka ji an ce, "Ku bari Rediyo ya zo." Sunan ya yi mini daɗi fiye da yadda ya kamata.

Wani dare a ƙarshen Agustan 2020, ruwa ya ɗauke ke nan, na iso da wani bidiyo a wayata. Na Masai Ujiri ne. Ga wanda bai san shi ba, a Ingila aka haife shi a 1970, amma a Zariyar nan ya yi wayo, a nan ya koyi ƙwallon kwando a hannun Ba'amurken kocin nan na Jami'ar Ahmadu Bello, Oliver Johnson. Ranar 13 ga Yunin 2019 ƙungiyar da yake shugabanta a lokacin, Toronto Raptors, ta doke Golden State Warriors a Oakland ta ɗauki kofin NBA karo na farko a tarihinta. Ya taso zai shiga fili wurin yaransa, wani ɗan sanda ya tare shi. Sama da shekara ana yaɗa cewa Masai ne ya fara kai hannu, har ɗan sandan ya maka shi kotu. Sai ga hoton da kyamarar ƙirjin ɗan sandan ta ɗauka: mutum cikin kwat, yana ciro katin shiga daga aljihu, aka hankaɗa shi, ya buɗe baki zai yi bayani, aka sake hankaɗa shi.

Sau huɗu aka sa na maimaita. Har mai shayi ya ajiye kofin da yake fifita shayi ya leƙo. Ni kuwa na samu fili. Na ce ku duba, shugaba ne fa, amma shugaba daban, mai ƙungiya daban. Mafi yawan 'yan wasan NBA baƙar fata ne, ƙungiyoyi talatin ne, amma a lokacin baƙar fata ɗaya tak ke da rinjayen mallakar ƙungiya, Michael Jordan. Na ba su labarin Donald Sterling, mai Los Angeles Clippers, wanda a 2014 aka naɗi muryarsa yana hana budurwarsa kawo baƙaƙe kallon wasan ƙungiyarsa, alhali gumin baƙaƙen yake ci. An kore shi daga NBA har abada, an ci shi tarar dala miliyan 2.5. Sannan aka sayar da ƙungiyar da ya saya dala miliyan 12.5 a 1981 a kan dala biliyan 2. Na ce irin wannan hukunci, Allah Ya ɗora mini shi. Aka kwashe da dariya.

Ana cikin haka ƙanena ya faka kekensa a gefen kwata. Keke Napep ne, wanda ya shekara biyu yana biyan kuɗinsa kaɗan-kaɗan, bai fi wata uku da kammalawa ba. Ya gaida mutane, ya tsuguna kusa da ni, ya zaro wata takarda da ya naɗe a baƙar leda don kada ruwa ya taɓa ta.

"Yaya, ga wannan aka raba mana a tasha. Wai taimakekeniyar lafiya, a biya na shekara. Ka duba mini, don ka ga iyalin nan ba ita kaɗai ba ce."

Ban duba ba. Tambarin gwamnati kawai na gani a sama, bakina kuma da sauran zafin maganar da nake yi. Na ɗaga takardar yadda kowa zai gani, na ce ga wasu Sterling ɗin nan sun biyo mu har gida. Na tuna musu 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a binciken da ya ƙunshi yara 200, goma sha ɗaya suka rasu. Na tuna musu cewa a Abujar nan, a 2001, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi ga lafiya, kuma gwamnatin tarayya ko kusa ba ta taɓa zuwa ba. Na ce wanda ya kasa sa fanadol a asibiti shi ne zai riƙe maka amana? Wannan adashe ne da ba a kwasa. Ka riƙe kuɗinka ka saya wa matarka ƙwai.

Bencin da muke kai yana da gurguwar ƙafa, kullum yana rawa. Na ninke takardar gida takwas na cusa a ƙarƙashin ƙafar. Na ce, "Yau dai gwamnati ta yi mana amfani." Dariyar da aka yi ta fi ta farko. Ƙanena ma ya yi murmushi, ya sa ledarsa a aljihu, ya ce, "To shi ke nan, Yaya."

Duk abin da na faɗa a daren nan gaskiya ne. Trovan ta faru, har jihar Kano ta karɓi diyyar dala miliyan 75 a 2009. Alkawarin Abuja an yi shi an kuma karya. Sai dai ko ɗaya daga ciki ba ya cikin takardar da yaron ya miƙo mini. Shi tambayarsa ƙarama ce: nawa ne, wane asibiti, haihuwa na ciki ko ba ta ciki. Amsar tana rubuce a hannuna, karatun minti biyar.

A ƙarshen Janairun 2021, cikin hunturu, aka buga mini ƙofa ana kiran assalatu. Ashe tun magariba matarsa ke naƙuda. Ungozoma ta yi iya yinta, Inna ta jiƙa rubutu, abu ya ƙi gaba ya ƙi baya. Na ce me ya hana ku tafi asibiti tun dare? Ya sunkuyar da kai. Abin da ke aljihunsa bai kai na kati da allura ba, yana ta fatan a sauka a gida. Da kekensa muka ɗauke ta, ni da Inna a baya muna riƙe da ita, ƙura na shiga mana ido.

Likita ya duba ya ce sai an yi aiki, kuma yanzu. Aka rubuto mana abin da za a ajiye, da jini leda biyu, da doguwar takardar magani. Ban ga laifin kowa a wurin ba, sun yi aikinsu, sun kuma yi da sauri. Na juye abin da ke asusuna, 'yan uwa suka tura abin da ya sawwaƙa, bai kai rabi ba. Kafin azahar dillali ya zo ya zagaya keken sau biyu, ya daki taya da ƙafa, ya yi tayin da ya san ba mu da bakin ƙi. Ƙanena ya cire carbin da ke rataye a madubi ya miƙa makulli.

Uwa ta rayu, jaririya ta rayu. Alhamdu lillahi.

A barandar asibitin na kwana biyu. Nan na haɗu da wani dattijo mai gyaran takalmi da ya kawo 'yarsa, ita ma aiki aka yi mata. Na lura ba ya zarya irin tamu, ba ya waya yana "don Allah ko nawa ne." Da hira ta yi hira ya ciro wani kati daga aljihun 'yar shararsa, an lulluɓe shi da roba. Ya ce shi bai iya boko ba, jikansa ne ya karanta masa takardar, ya ga abin kamar adashe ne, in ba ka ci ba ɗan'uwanka ya ci. Kuɗin shekarar da ya faɗa mini bai kai abin da nake zubawa a data cikin wata uku ba. Ya ce, "Ai akwai jira, ɗana, wani maganin ma sai ka saya a waje. Amma babban sun ɗauke mini." Na ce Allah Ya ƙara sauƙi, na tashi na koma can ƙarshen baranda.

Ƙanena bai taɓa tayar da maganar ba. Ranar suna na ja shi gefe na fara kame-kame, ya katse ni: "Haba Yaya, haka Allah Ya tsara." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Inna ce kaɗai ta yi magana, ita ma ba ni ta kalla ba, tana tsince shinkafa ta ce, "Ilimin wani dai na majalisa ne."

Makonni kaɗan bayan haka, a Fabrairu, aka ba da labarin mutuwar Rush Limbaugh, wani mai shirin rediyo a Amurka. Na san sunan. A 2009 ya shiga cikin masu neman sayen St. Louis Rams, ƙungiyar ƙwallon Amurkawa, 'yan wasa baƙaƙe da shugaban ƙungiyar ƙwadagonsu suka tayar da ƙayar baya saboda maganganun da ya sha yi a kan baƙar fata, har abokan cinikinsa suka cire sunansa. A lokacin na yi murna. Abin da na manta, labarin mutuwarsa ya tuna mini, shi ne aikin da ya fi ba ƙarfi a wannan shekarar: yaƙi da gyaran tsarin lafiya na Obama, yana gaya wa masu saurarensa kullum cewa gwamnati ba abar yarda ba ce. An sa hannu a dokar a Maris na 2010, mutum kusan miliyan 20 suka samu inshorar da ba su da ita, kuma baƙaƙen da nake wa kuka na cikin waɗanda suka fi amfana. Na zauna da wayar a hannu. Ashe ni da mutumin nan sahu ɗaya muka tsaya. Shi ma Rediyo ne, kuma in an yi ciwo ba aljihunsa ake taɓawa ba.

Cewa "ƙarya ce" ba ta cin ko sisi, kuma a ƙasar nan mai faɗinta ya fi mai cewa "a gwada" yawan dacewa, shi ya sa take kama da wayo. Na san inda irinta ta taɓa kai mu. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohin Arewa, Trovan na cikin hujjojin da aka kafa, cutar ta sake bazuwa har ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Sai ranar 25 ga Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta fita daga ƙanginta, wato a makon da nake tokare benci. Labarin ma ni na kai majalisa.

Daga baya na zauna na karanta abin da ya kamata in karanta tun farko. Inshorar lafiya ta ƙasa ta fara aiki a 2005, ta daɗe kusan ma'aikatan gwamnatin tarayya kaɗai ke cin moriyarta. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don kula da lafiya a matakin farko. Jihar Kaduna ta kafa tata hukumar taimakekeniyar a 2018, a Mayun 2022 kuma Buhari ya sa hannu a dokar da ta wajabta inshora a kan kowa. Duk da haka sama da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin jinya a Najeriya daga aljihun majinyata yake fita, wato daga keke da akuya da filin gado. Har gobe ban saki jiki da gwamnati ba, kuma ina ganin wanda ya saki ya yi ganganci. Amma yanzu in na yi zargi, ina so ya zama a kan layi kaza na shafi kaza.

Mun yi rajista, gidana da nasa, ni na biya. Keken kuma ina tara masa, ba mu kai ba tukuna, ga shi farashi ya yi tashin gwauron zabi. Yanzu na wani yake ja, kullum bayan isha'i ya kai wa mai shi balas, abin da ya rage ya sayi burodi ya wuce gida.

Na faɗi laifina a majalisa, a bencin da na yi shi. Wasu suka ce ai ba komai, wani ya ce Rediyo ya kama tashar wa'azi. Da aka watse na roƙi mai shayi ya ɗaga mini bencin. Takardar tana nan. Damina da ruwan wanke kofi sun mayar da ita baƙin curi, na yi ƙoƙarin warware ta ta marmashe a hannuna. Mai shayi ya saki bencin, ya girgiza shi da hannu, ya ce, "To Malam, sai ka nemo mana wani abin tokarewar."