Kwana Talatin a Gida

Idan kana aiki a Jidda kamar ni, ka san hutun shekara sunansa ne kawai hutu. Kwana 30 asibiti ke ba ni. Nakan ɗauka a Agusta, lokacin da zafin bakin Bahar Maliya ya hana kowa sakat, a Kano kuwa damina ta yi tsaka.

Hidimar tun daga kasuwar Balad take farawa: dabino, jallabiya, turare, kowa da sunansa a takarda. Ina isa gida, ga ɗakin Inna yana yoyo, ga kwata ta toshe, ga kuɗin makarantar yara. Abin awon jinina ma ba ya hutawa, duk gwaggon da ta zo sannu da zuwa sai ta miƙo hannu.

Shawarata gare ka: fara da tsofaffi da gidajen gaisuwa. Kuɗin kafinta ka iya turowa daga Jidda, amma tsohuwar da ta goya ka ba lallai ta ga wata damina ba. Bara gida bakwai na shiga ta'aziyya, uku a ciki da mamatan muka sha fura bara waccan.

Kakanninmu da suka tsallako daga Suwakin a jiragen ruwa masu bin iska, da yawansu ba su ƙara ganin gida ba. Mu kuwa cikin 'yan awoyi mun sauka Kano. Zumunci a ƙafa yake. Kafin ka ɗaure jakar komawa, tabbata kowane tsoho ya gan ka ido da ido.