Wa Ya Taɓa Ganin Ɗaurin Haidirojin?

A zangon da ya wuce, mu 'yan ajin kimiyya na SS2 mun haddace ɗaurin haidirojin kamar karatun aku. An ce mana ɗauri ne mai rauni da ke riƙe molekul ɗin ruwa da ɗan'uwansa. Muka rubuta, muka ci gwaji, muka manta. Sai wata rana ɗaya daga cikinmu ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, wa ya taɓa ganinsa?" Aji ya yi tsit. Malam ya yi murmushi ya ce mu je mu nemo amsar da kanmu.

Ga abin da muka samo. Ido ba ya ganinsa, auna shi ake yi. Molekul da ke yawo a iska yana juyi kamar katantanwa, kuma yanayin juyinsa ya dogara ga nauyinsa da siffarsa. Idan aka haska masa igiyoyin maikrowef, dangin waɗanda ke ɗumama abinci, sai ya zuƙe wasu takamaiman mitoci ya bar sauran. Da waɗannan mitoci ne masana ke lissafa tazarar da ke tsakanin atam da atam. Wannan fanni shi ake kira sifektiroskofin maikrowef.

Wahalar ita ce ɗaurin ba shi da ƙwari, karo kaɗan ya tsinke. Don haka sai a fesa tururin ta wata 'yar mitsitsiyar ƙofa zuwa cikin akwatin da aka zuƙe wa iska. Nan take ya yi matsanancin sanyi, molekul biyu su manne da juna har a auna su. A 1977 masana uku a Amurka, Dyke da Mack da Muenter, suka auna tagwayen molekul na ruwa, suka samu kimanin nanomita 0.3 tsakanin oksijin ɗinsu.

Wannan ɗauri ya gaza ɗaurin cikin molekul ɗin ƙarfi da kusan sau ashirin. Duk da haka shi ya sa ruwa ke kaiwa digiri 100 kafin ya tafasa, alhali danginsa haidirojin salfaid, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, yana tafasa tun a kusan digiri 60 ƙasa da sifili. Ba don shi ba, da ruwan randarmu iska ce.

Mun ji kunya da muka tuna mun ci maki a kan abin da ba mu taɓa tambayar hujjarsa ba. Tun daga ranar, duk darasin da aka ba mu sai wani ya ce, "Malam, ta yaya aka sani?" 'Yan'uwa ɗalibai, ku ma ku gwada.