Ranar Da Na Zuba Sukari A Nama

Daren jarrabawa yunwa ta kama ni a hostal. Abin da ya rage min niƙaƙƙen naman sa ne kaɗan da shinkafar rana. Sai na tuna yadda mutanen Koriya ke haɗa nama da zaƙi. Na soya naman da tafarnuwa da citta, na zuba soya sos cokali 2, sukari cokali 1.

"Ke, sukari a nama?" in ji ƙawata.

Gabana ya faɗi, don in ya ɓaci sai kwanan yunwa. Na ɗiga man riɗi, na watsa lawashi, na juye kan shinkafar. Ashe gishirin soya sos ke daidaita zaƙin. Ita ta kankare tukunyar.

Ƙannena, ku koyi girki kafin ku shigo jami'a.