Kyauta ko Bashi: Darasin da Imuraren ta Koya Mini

Shekaru da dama ke nan ina koyar da ɗaliban kasuwanci a Agadas wani darasi mai suna alhakin kamfani a kan al'umma da ci gaba mai ɗorewa. Da fari na ɗauke shi darasi mai sauƙi. Littattafan da muke aiki da su daga Faransa suka zo, misalansu kuma na can ne: kamfanin da ya dasa itatuwa, da bankin da ya gina makaranta. Ɗalibai su haddace, su rubuta a jarrabawa, kowa ya kama gabansa.

Wata rana ina lissafa ayyukan alheri da kamfanonin ma'adinai kan yi, wata ɗaliba da ta tashi a Akokan ta ɗaga hannu ta ce: "Malam, asibitin da kamfani ya gina, kyauta ce ko bashi yake biya?" Na ce da ita za mu koma kan batun. Gaskiyar magana ita ce ba ni da amsa a ranar, kuma littafin da ke hannuna bai yi tanadinta ba.

Tambayar ta sa na ajiye misalan ƙetare na waiwayi ƙofar gidanmu. A 1971 kamfanin Somaïr ya fara fitar da yuraniyom a Arlit, a 1978 Cominak ya bi baya a Akokan. Garuruwa suka tsiro a tsakiyar hamada, da asibitoci da makarantu da albashin da ya riƙe gidaje har Damagaram da Maraɗi. Wannan gaskiya ce. Gaskiya ce kuma cewa a 2003 masana na ƙungiyar CRIIRAD suka sami tarkacen ƙarafa masu tiririn nukiliya a kasuwar Arlit, kuma a 2009 Greenpeace ta auna tiririn da ya zarce ƙima a wasu titunan Akokan. Almustafa Alhasan da ƙungiyarsa ta Aghir In'Man sun daɗe suna kokawa a kan haka. Da aka rufe Cominak a watan Maris na 2021, an bar tsibin dusar ma'adini kimanin tan miliyan 20, wadda za ta fi jikokin jikokinmu daɗewa a duniya.

Sai dai wurin da ya fi koya mini darasi shi ne wanda bai taɓa sayar da ko tan ɗaya ba. An gano arzikin Imuraren a 1966, kimanin kilomita 80 kudu da Arlit. A 2009 aka ba Areva izinin haƙa, Shugaba Mamadu Tanja ya aza tubalin farko, aka yi shelar tan 5,000 a kowace shekara har tsawon shekara 35. Matasa suka koyi tuƙin manyan injuna, ƴan kasuwa suka sayi motoci, makiyaya suka ja dabbobinsu gefe. Bayan haɗarin Fukushima a Japan a 2011 farashi ya karye, a 2014 aka dakatar da aikin.

Na kai wannan labari aji, na ce kowa ya buɗe littafin lissafi ya rubuta asarar da aka yi. Duka suka rubuta ta masu hannun jari, domin ita muka koya musu ƙirgawa. Na tambaye su: a wane layi za a sa mutumin da ya sayar da raƙumansa ya sayi tifa saboda alkawarin shekara 35? Aji ya yi tsit. A nan na fahimci cewa mun daɗe muna cewa alkawari kaya ne, amma ba mu taɓa ba shi gurbi a lissafi ba. Kamfani yana iya canja rayuwar jama'a da shela kawai, tun kafin ya tona rami.

Daga nan na daina fassara kalmar ɗorewa daga Faransanci, na koma ina yi musu misali da ayarin gishiri na Bilma. Madugu ya san rijiyar da ya sha a hanya ba tasa ba ce. Idan ya tashi zai bar ta yadda ayarin da ke tafe zai iya sha. Ba wanda ke kiran wannan alheri, sharaɗin bin hanyar ne. Ruwan da ake janyowa daga ƙarƙashin Arlit ya taru ne tun zamanin da hamada ke da damina, kuma abin da aka kwashe ba ya dawowa a rayuwar ɗan Adam. Yanzu nakan sa ɗalibai su raba ayyukan kamfani gida biyu: abin da ya bayar don ganin dama, da abin da ya wajaba a kansa saboda abin da ya ɗauka. Ƙwallo da riguna na gasar matasa kyauta ne. Binne dusa, da auna ruwa, da duba lafiyar tsohon ma'aikaci bayan ya bar aiki, bashi ne. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

A watan Yuni na 2024 gwamnatin Nijar ta janye izinin Imuraren daga hannun Orano, sunan da Areva ta koma a 2018, a watan Yuni na 2025 kuma ta ayyana mayar da Somaïr mallakar ƙasa. Ɗalibai da yawa sun zo aji da murna, na kuma fahimci dalilinsu. Amma na tuna musu cewa ƙura ba ta tambayar tutar mai rami. Dokar ma'adinai ta 2006 ta ware kashi 15 cikin ɗari na kuɗin shigar ma'adinai ga ƙananan hukumomin yankin; bin sawun wannan kuɗi aikin ƴan ƙasa ne, ba na baƙo ba. Waɗannan da ke zaune gabana su ne gobe za su sa hannu a takardun da suka shafi rijiyoyin Abzin.

Ƴan'uwa malamai, wannan ne ya sa nake ganin darasin ya fi ƙarfin haddar ma'anoni. Idan muka yaye akanta da ya iya ƙirga riba amma bai iya ƙirga haƙƙin maƙwabci ba, mun canja mai rami ne kawai, rami yana nan.

Ɗalibar nan ta gama karatu kafin in kammala amsata. Ga ta nan na rubuta, ko Allah zai sa ta gani: bashi ne, ƴata, kuma yanzu har da mu cikin masu biya. Allah ya ba mu ikon sauke nauyi.