Turbar da Taswira Ba Ta Sani Ba

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi, amma mu 'yan Unguwar Dosa mun tashi ba mu san komai game da jirgin ƙasa ba sai kukansa da dare. Kaɗan ne daga cikinmu suka tambayi inda dogon nan ya nufa bayan ya haye Kogin Kaduna.

Dogon da ya haɗa Kaduna da Kafanchan an gama shi a 1927, watau shekara 16 bayan jirgi ya isa Kano a 1911. Turawa sun shimfiɗa shi domin kwasar kaya, sai dai ya ratsa ƙasa mai duwatsu da ƙoramu, ta Kutura da Iri da Zonkwa. Ta wannan hanya na bi, ina saurayi, har gindin Dutsen Kagoro, riƙe da taswirar gwamnati da ɗan littafin rubutu.

Taswirar ta nuna tsawon dutse da kwanciyar rafi, amma ba ta san turba ba. Wani dattijo maharbi ne ya shige gaba, yana nuna mini inda hanya ke rabuwa, da maɓuɓɓugar da ba ta ƙafewa da rani, da kogon da kakanninsa suka fake zamanin yaƙe-yaƙe. Kowane lungu da sunansa a harshensu, kowane suna kuwa da labarinsa. Ni dai ƙirga taku nake yi, ina zanawa, ina rubuta sunayen yadda kunnena ya ji su.

To, ga abin da ke damuna. Turba ƙafa ce ke raya ta, in aka daina bi sai ciyawa ta cinye ta. Rashin tsaro ya sa mutane suna gudun daji, harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022 kuwa ya ƙara tsoro a zukata. Dattawan da suka san sunayen nan kuma suna ta ƙarewa.

Saboda haka nake roƙon malamaina da 'yan'uwana ɗalibai, mu ɗauki sunayen wurare a matsayin adabin baka, mu tattara su kamar yadda muke tattara tatsuniya da kirari. Wanda bai iya shiga daji yau ba, ai yana iya zama gaban dattijo da alƙalami. Allah ya kawo mana zaman lafiya, amin.