Kafin Ka Sayar Da Kekenka Saboda Ciwon Wuya, Duba Kan Keken Tukuna

Yau ba maganar manhaja ko data zan yi ba, maganar keke ce. Amma ka ajiye wayarka kusa, za ta yi mana aiki a gaba.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ni ma na bi sahun waɗanda suka jingine mashin. Na sayi keke na hannu, irin na hawan duwatsun nan mai giya, kansa a miƙe kamar sanda. Sati biyu na farko daɗi kawai nake ji, kuɗin mai yana zama a aljihu. Daga nan sai wuya ya fara. In na isa wurin aiki sai in ji ƙeyata kamar an ɗora mata bulo, ƙaramin yatsana da na kusa da shi su sage, har rubutu a waya ya gagare ni na ɗan lokaci. Na ce shi ke nan, shekaru ne. Har na sa wa keken kuɗi zan sayar, alhali na san in na koma mashin albashin ba zai kai ƙarshen wata ba.

Wani dattijo mai gyaran keke a unguwarmu ne ya tare ni. Ya ce, "Ɗana, hau in gani." Na hau na zagayo. Ya yi dariya ya ce, "Kai ai rarrafe kake yi, duk nauyinka a kan hannu yake." Sai ya nuna min tsohon Raleigh ɗinsa, wanda kansa ya lanƙwaso baya wajen mai tuƙi. Na ce, "Baba, wannan ai na tsofaffi ne." Ya ce, "To su tsofaffin ka taɓa jin sun yi kukan wuya?"

Gaskiya ya faɗa. Miƙaƙƙen kai an yi shi ne don mai hawan duwatsu, wanda yake so ya danne tayar gaba. In kan ya yi maka nisa ko ya yi ƙasa, dole ka duƙa, sannan ka ɗaga kai don ka ga hanya, nan wuya ke gajiya. Tafin hannu kuma yana danne wata jijiya da ke zuwa waɗannan yatsu biyu, shi ya sa suke sagewa. Irin kan da ke jikin Raleigh ɗin Baba ana kiransa North Road, sunan wata tsohuwar ƙungiyar mahaya keke ce ta Landan. Irin zaman da yake bayarwa shi za ka gani a ƙasar Holan, inda mutane ke zuwa aiki da kasuwa a keke suna zaune a miƙe kamar a kujera.

To kafin ka kashe ko sisi, ga yadda za ka yi.

Da farko ka jingina wayarka a gefe, ka kunna bidiyo, ka wuce ta gabanta a kan keken. Ka duba: in gwiwar hannunka a miƙe take sambal, kafaɗunka sun hau kusa da kunne, to kan ya yi maka nisa ko ƙasa. Abin da ake so shi ne hannu ya ɗan lanƙwashe, kafaɗa ta saki.

Na biyu, gwada ɗaga wuyan keken, wato ƙarfen da ke riƙe da kan. In irin na da ne mai noti ɗaya a sama, ana sassauta shi a jawo sama kyauta. Amma akwai layi da aka zana a jikinsa, kada ka yarda layin nan ya fito fili, don zai iya karyewa kana tafiya.

In hakan bai isa ba, sai sayen sabon kai, mai tudu ko mai lanƙwasowa baya. A nan ake asara, don kauri ya bambanta. Tsakiyar kan, inda wuya ke kama shi, galibi milimita 25.4 ne ko 31.8. Ba sai kana da na'urar awo ba. Ka nannaɗa siririyar takarda a wurin, ka yi alama, ka auna da rula. In ka samu kusan milimita 80, naka 25.4 ne. In kusan 100 ne, to 31.8. Wurin riƙewa kuma, miƙaƙƙen kai da mai lanƙwasowa baya yawanci duk 22.2 ne, don haka burkinka da abin sa giya za su shiga. Na keken tsere mai kai kamar ƙahon rago shi 23.8 ne, kayansa daban.

Yanzu ga kuskuren da na yi, kada ka maimaita. Na sa sabon kai amma na bar tsofaffin wayoyin burki don in rage kuɗi. Sabon kan ya fi tsayi, wayar ta zama gajera. Ranar farko ina karya kwana sai wayar ta ja, burkin gaba ya kama da kansa, na tsinci kaina a ƙasa, mai adaidaita sahu ya tsaya dab da ƙafata. Don haka bayan an ɗaura, ka juya kan har ƙarshe dama da hagu kana tsaye. In ka ji waya ta ɗame, a canza ta nan take.

Kada in ɓoye maka, zaman miƙe yana da nasa farashin. Nauyin da ya bar hannu sirdi zai koma, wataƙila ka buƙaci mai ɗan faɗi. Iska za ta fi dukan ƙirjinka, musamman lokacin hunturu, gudu zai ragu kaɗan. Ni dai na yarda da cinikin, domin yanzu ina ganin hanya da kyau, ina waiga baya ba tare da wuya ya riƙe ba.

In ka gyara komai kuma yatsun ba su daina sagewa ba, ka je ka ga likita, kada ka ɗora wa keke. Amma ka fara da bidiyon nan na daƙiƙa 10. Ni kekena yana nan, kullum da shi nake fita, kuma duk ranar da na wuce Baba sai ya ɗaga min hannu ya ce, "Yaya wuyan, tsoho?"