Fadama Wurin Nema Ce, Ba Wurin Kwana Ba

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili in yi wa 'yan'uwana mutanen ƙasar Haɗeja magana a kan gidajenmu.

Ni malamin makaranta ne, a nan aka haife ni. Abin da na lura da shi, jama'a tana ta ƙaruwa, amma ƙasa ba ta ƙaruwa. Ƙidayar 2006 ta sami mutum fiye da 100,000 a ƙaramar hukumar Haɗeja, ƙasarta kuwa garin ne kawai da 'yan gonakin kewayensa. Gidan da mutum guda ya gina, yau magada goma ke rabonsa. Wanda ya rasa ɗaki sai ya nemi fili, filin tudu kuwa ya yi tsada, sai talaka ya gangara kwari inda ruwa ke kwanciya.

Arzikinmu kusan duk daga kogi yake: shinkafa, alkama, kifi da makiyaya. Amma kogin yau ba na kakanninmu ba ne. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, ruwa ya bar zuwa ya wuce a lokacinsa. Yashi ya taru, kacalla ta toshe magudanai wajen Guri da Kirikasamma, har in damina ta yi ƙarfi ruwa ya rasa hanya sai cikin gari. Mun ga haka a 2012 da 2020 da 2022. Ginin ƙasa kuwa, da ruwa ya kwana a gindinsa, sai ya zauna.

To, jama'a, ku duba lissafin. Kuɗin manomi sau ɗaya ko biyu suke zuwa a shekara. In ambaliya ta zo, rana ɗaya take cin gona da rumbu da ɗaki, watau mutum ya rasa gida a daidai shekarar da ba shi da abin sake gini. Ashe arhar filin kwari tsada ce.

Shawarata uku ce. Mai gini ya ɗaga harsashi da dutse ko siminti, ko da sauran bangon na tubali ne. In an sayar da amfanin gona, a fitar da rabon gyaran gida kafin na biki. Kuma hakimai da dagatai su taimaka a yanka wa talakawa filaye a tudu, mu kuwa mu fita gayya mu share kacalla tun da rani. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya kiyashe mu, ya ba mu damina mai albarka, amin. Wassalam.

Ni ne naka,
Wani malamin makaranta, Haɗeja.